Harsashin da Ya Kashe Ɓauna

Malam Yahuza maharbi ne wanda daji ya fi ƙarfinsa. Ba tsufa ne ya raba shi da shi ba, ko da yake ya haura saba'in. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Tungar Maje, shekara huɗu ke nan, yake zaune a Sabuwa cikin wani ɗaki ƙwaya ɗaya bayan shagon mai niƙa. Matarsa ta rasu a daminar farko ta gudun hijira. Ɗansa Mas'ud yana can Legas yana acaɓa, sai dai waya ranar Juma'a, ita ma in an dace da sabis. Bindigarsa mai baki biyu tana rataye a bango, a ƙarƙashinta kuma ƙahon ɓauna guda ɗaya, na dama.

Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, ya zazzage jakar kayan ɗuri, ya jera tsofaffin kwanson harsasai jajaye waɗanda launinsu ya koɗe. Ya auna dalma a tafin hannu, ya ɗura, ya toshe, ya jera su kamar mai shirin fita. Washegari ya kwance su ya sake ɗurawa, tunda babu abin harbi, babu kuma inda za a je a harba. Mutanen unguwa suna ganin girmansa daidai gwargwado, suna gaishe shi su wuce. Wanda zai zauna ya musa masa magana ne babu, shi kuwa Malam Yahuza in ba a musa masa ba, ji yake kamar bai ci abinci ba.

Ranar wata Talata wayarsa ta yi ƙara, ga shi ba Juma'a ba. Rifkatu ce, ɗiyar Ɗanlahadi, daga Ketare. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce jikin babanta ya yi tsanani, kwana biyar ko kunu ba ya zama a cikinsa, an dawo da shi daga asibiti an ce a ci gaba da addu'a. Ta ce jiya ya buɗe ido ya tambaya ko Malam na Sabuwa yana nan da rai, ko kuwa ya riga shi tafiya don tsoron gardama.

Malam Yahuza ya ce, "Haka ya ce? Tau, hwaɗa mashi kar ya kuskura ya mutu. Ina nan tahe."

Gardamar nan ta girmi Rifkatu. Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, lokacin da dajin da ke tsakanin Sabuwa da Faskari yake daji na gaske, wata tsohuwar ɓauna da garke ya kora ta addabi gonakin bakin rafi, har ta tattake wani manomi. Aka turo wani ma'aikacin gandun daji da manyan bindigogin gwamnati guda biyu. Mutumin ya iso da zazzaɓi a jikinsa, hannunsa yana rawa, yaransa kuwa da suka ga sawun ɓaunar kowa ya tuna yana da iyali. Sai ya nemi maharba biyu mafi saiti a yankin. Aka kawo masa Yahuza daga Tungar Maje, da Ɗanlahadi, wani Bamaguje daga unguwar da ke ƙetaren rafi, wanda bai daɗe da fara zuwa coci ba.

Bindigogin ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya harsashinta dogo ne mai siririn wuya, lambarsa uku-bakwai-biyar, in ji ma'aikacin, yana fita da gudu, yana cin nisa ba ya sunkuyawa. Ɗayar kuwa, huɗu-biyar-takwas, harsashinta ya ɗan fi gajarta amma kauri gare shi kamar babban yatsa, nauyi ne aikinsa, ba gudu ba. Ɗanlahadi ya ɗauki ta farkon ya sa mata suna Siririya. Yahuza ya ɗauki ta biyun ya kira ta Gabjejiya. Kwana biyu suna bin sawu. A rana ta uku ɓaunar ta fito musu daga cikin gamba, tazarar da ba ta wuce tsawon zaure uku ba, ta sunkuyar da kai ta taho. Suka danna kunama tare, har waɗanda ke nesa suka rantse ƙara ɗaya suka ji. Ɓauna ta durƙusa. Yahuza ma ya durƙusa, don Gabjejiya ta gurɗe masa kafaɗa.

A al'adar maharba, dabba ta wanda dalmarsa ta zauna a zuciya ce. Shi ke da kai da ƙahoni da wutsiya, shi ake yi wa kirari. Yadda ake ganewa kuwa ba shi da wuya: a ciro kan harsashin daga cikin nama, a gwada gindinsa a bakin kwanson kowa, wanda ya zauna daram a nasa shi ne mai dabba. To, amma Yahuza yana gindin wata kirya ana ɗora masa kafaɗa, Ɗanlahadi ne ya yi fiɗa. Ya fito da jini har gwiwar hannu ya ce rauni biyu ne, ɗaya a zuciya, ɗaya a bayan haƙarƙari, dalma kuwa ko ɗaya bai gani ba. Ya ce tasa ce ta huda zuciyar ta fice saboda gudu, ta Yahuza kuma ta maƙale can cikin tumbi ta bi kashi. Yahuza ya ce ƙarya ne, ramin da ke zuciyar nan yatsansa ya shiga ciki, Siririya ba ta haƙa irin wannan rami. Sarkin baka ya saurare su har ya gaji, ya sa aka raba ƙahonin, kowa ɗaya. Kirarin kuwa aka rasa wanda za a yi wa, aka bar shi.

Daga ranar suka zama abokan juna, in dai ana kiran wannan abota. Duk ranar kasuwar Faskari sai sun haɗu a rumfar maƙera, in kasuwa ta tashi Yahuza ya raka Ɗanlahadi har gida don bai gama magana ba. Matar Ɗanlahadi ta ware masa kwanonsa da butarsa, ta san lokacin da za ta share masa gindin mangwaro ya yi la'asar. Ya idar, ya shafa, ya juyo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Har ɗurin harsasansu na farauta ya bi ra'ayinsu. Yahuza dalma mai nauyi yake so, wadda in ta sauka an gama magana. Ɗanlahadi marar nauyi yake ɗurawa, ya ce gudu ke kisa, nauyi na jakai ne. Babu wanda ya taɓa harba ɗurin ɗan'uwansa ko da wasa. Sai tashin hankalin nan ya zo, aka watse, Ɗanlahadi ya bi ɗiyarsa Ketare, shekara huɗu ba su sa juna a ido ba. A waya kuwa gardama ba ta daɗi, kana cikin kawo hujja sai layi ya yanke.

Abin da ke cin Malam Yahuza shi ne, duk waɗanda suka ga ranar nan sun mutu. Ma'aikacin gandun daji, sarkin baka, maɗorin da ya gyara masa kafaɗa, duk ƙasa ta rufe su. Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda hannunsa ya shiga ƙirjin ɓaunar nan. In ya tafi bai faɗi gaskiya ba, shi ke nan, Yahuza zai mutu da rabin ɓauna.

Washegari da sassafe ya saɓa jakarsa. Bindiga dai ba ta tafiya a hanya yanzu, ko harsashi ɗaya aka gani a jikin mutum ya shiga uku. Amma kwanson Gabjejiya, na tagulla, wanda ya ajiye tun ranar ɓauna, ya goge shekara arba'in har yana ɗaukar ido, wannan bai iya barinsa ba. Ya daɗe da mayar da shi gidan allurai, ya toshe bakin da totuwar masara, ya jefa a aljihun gaba.

Damina ta cinye hanyar Sabuwa. Motar, wata tsohuwar Golf da aka cusa wa mutum tara da buhun barkono, tana tafiya tana nishi, sau biyu ana sauka a tura. Duk inda daji ya matso bakin titi sai hira ta mutu, direba ya ƙara wuta, kowa ya kama salati a ciki. Malam Yahuza ya san kowace fadama da sunanta, ya san inda gadu ke tono da inda zabin daji ke sauka shan ruwa. Ya buɗe baki zai nuna wa na kusa da shi, ya ga mutumin ya rufe ido yana motsa leɓe, sai ya fasa.

A wani shinge kafin Dandume aka sauke su ana lalube. Wani jami'i ya taɓa aljihunsa ya zaro kwanson, fuskarsa ta canja. Ya cire toshiyar, allurai suka zubo a tafinsa. Ya juya abin, ya fito da wani kwanso daga nasa aljihun, irin ƙananan nan da yanzu mata ke tsinta a gonaki in suna roron gyaɗa, ya jera su. Nasa ya zama kamar ɗan tsako kusa da zakara. Ya tambaya wace irin bindiga ce ke cin wannan, kuma me ake harbi da ita.

Kai, ran Malam Yahuza ya yi fari. Shekara huɗu ba wanda ya yi masa tambaya irin wannan. Ya gyara tsayuwa ya fara bayani tun daga tushe, yadda nauyi ke karya ƙashi, yadda mai gudu ke hudawa ya wuce dabba ba ta ma san an harbe ta ba, yadda wani Bamaguje mai taurin kai ya kasa gane wannan. Bai kai ga fitowar ɓaunar daga gamba ba direba ya danna hon. Jami'in ya mayar masa da alluransa, ya ce Baba ya hau mota Allah ya kiyaye hanya, idonsa har ya koma kan motar baya.

Sai bayan la'asar ya isa Ketare, bayan ya canja mota a Funtuwa, ya ƙarasa a bayan babur. Rifkatu ta tarbe shi a ƙofar gida ta durƙusa. Ya bar ta budurwa a idonsa, ga ta yanzu da furfura a gefen ɗankwali. Ta shigar da shi wani ɗaki mai warin magani. A bangon, sama da gadon, ƙahon hagu yana rataye.

Abin da ke kan gadon bai yi kama da Ɗanlahadi ba. Mutumin da ke saɓa gadu a kafaɗa ya yi tafiyar rabin yini, yau ga shi bargo ya fi shi kauri. Malam Yahuza ya tsaya, duk maganar da ya tsara a mota ta gudu. Ya ji tausayi, ya kuma ji tsoro, irin wanda bai ji ba ranar ɓauna.

Idon mara lafiyan ya buɗe, ya daɗe a kansa. Sannan ya ce, da wata murya kamar ta cikin tulu, "Malam, ka tsuhwa. Halan nauyin dalma ne ya lanƙwasa ka."

"Kai kuma gudu ya kai ka ina? Ga ka kwance."

Rifkatu ta ce tun da aka dawo da shi daga asibiti ba ta ga haƙoransa ba sai ranar. Ta kawo tabarma da buta, ta nuna wa baƙon gabas.

Kwana biyu Malam Yahuza yana zaune a bakin gadon. In ƙarfi ya ɗan zo wa Ɗanlahadi sai su taɓa, ba da yawa ba, jimla biyu uku ya gaji. Ya ce Gabjejiya bindigar da ke harbin gaba da baya ce, ta kashe dabba ta kashe mai ita. Yahuza ya ce Siririya allura ce, ta ɗinki ce ba ta kisa ba. Duk sun san amsoshin juna, kamar masu bitar karatu. A rana ta biyu da hantsi, da ɗakin ya rage su biyu, Malam Yahuza ya matso ya sassauta murya. Ya ce wasa ya ƙare, su biyu suka rage, kowa kuma ya san inda aka dosa. Ya roƙe shi don girman Allahn da kowannensu yake bauta wa, ya faɗa masa abin da hannunsa ya taɓa a cikin zuciyar nan.

Ɗanlahadi ya dube shi, ya dubi ƙahon da ke bango. Bakinsa ya motsa, Yahuza ya kai kunne.

"Gudu ke kisa," in ji shi, ya rufe ido.

Malam Yahuza ya fita ya zauna a gindin bishiyar bedi yana huci. Ya ce a ransa bai taɓa ganin taurin kai irin na mutumin nan ba, ga kabari yana kallonsa amma ba zai saki ba. Yana nan zaune bai huce ba, wajen azahar, ya ji kukan mata ya tashi a cikin gida.

Washegari aka binne shi a bayan cocinsu, wani ɗan gini mai rufin kwano a gefen gari. Malam Yahuza ya tsaya daga nesa kaɗan, hannuwansa a baya, yana jin waƙoƙin da bai san kansu ba. A da, in maharbi irin wannan ya mutu, sai an buga masa bindiga bakwai, ƙauyuka su san an yi rashi. Yanzu ƙara ɗaya ta isa ta sa gari ya watse cikin dawa, mata su bar tukwane a kan wuta. Haka aka rufe shi shiru kamar wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. A cikin duk taron nan babu wanda ya san ɓauna sai a hoto.

Da gari ya waye zai tafi, Rifkatu ta biyo shi zaure da ƙahon hagu a naɗe cikin tsohon zani, da wani ɗan gwangwanin taba mai tsatsa da aka ɗaure da tsirkiya. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Malam, Baba ya bar mani saƙo tun wancan mako, ya ce sai an rufe shi. Ya ce abin da ke cikin gwangwanin ga, cikin zuciyarta ya ciro shi da hannunshi, ya ɓoye a baki har aka gama rabon nama. Ya ce ka gwada da kanka." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ce mashi, Baba, mi ya sa ba ka nuna ba tun tuni? Ya ce, in an gwada ranar an gama, mi zai riƙa kawo Malam gidan Bamaguje?"

Malam Yahuza ya sa gwangwanin a aljihu, kusa da gidan allurai, ya rungumi ƙahon.

Bai buɗe a Ketare ba, bai buɗe a Funtuwa ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ji abin yana ƙwanƙwasa gwangwani a ƙirjinsa. Ya yi ƙoƙarin auna nauyinsa da kunne, wani lokaci ya ji kamar mai nauyi ne, wani lokaci kamar ba shi ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana rantsuwa, yau shi ne yake jin tsoron kwance tsirkiya.

Ya isa Sabuwa rana tana shirin faɗuwa, injin niƙa yana ta ruri, mata sun yi layi da kwanoni. Ya buɗe ɗakinsa, ya shimfiɗa buzu, ya zauna. Ya yanke tsirkiyar da wuƙa. A ciki akwai kwanson Siririya, shi ma a goge yana sheƙi, da wani ƙullin tsumma. Ya warware. Kan harsashi ne, gabansa ya baje kamar naman kaza, ya yi baƙi, amma gindinsa yana nan lafiya lau. Tun kafin ya gwada tafin hannunsa ya gaya masa. Duk da haka ya zazzage alluran a kan buzu, ya kafa kwanson Gabjejiya, ya ɗora gindin dalmar a bakinsa. Ta zauna daram.

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ɓaunarsa ce, tun ranar tasa ce, kai da ƙahoni da wutsiya da kirari. Ya fito ƙofa da abin a hannu, bakinsa cike da magana. Mai niƙa ya ɗago kai, fuska duk gari, ya ce, "Baba, an dawo lahiya?" bai jira amsa ba ya juya ga injinsa. Matan suna ta hirarsu. Can gaba wasu samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna dariya. Malam Yahuza ya dubi hagu, ya dubi dama. Mutum ɗaya ne a duniya wanda wannan magana za ta yi wa zafi, shi kuwa jiya aka zuba masa ƙasa.

Ya koma ciki. Ya buga ƙusa ya rataye ƙahon hagu kusa da na dama, suka haɗu suka yi kan ɓauna, ya ga bai iya kallonsu ba. Ya zauna, ya zare dalmar daga kwansonsa, ya ɗauko kwanson Siririya ya ɗora ta a bakinsa. Ta yi masa girma. Ya juya ta, ya sake gwadawa ta wani gefen, ya danna da babban yatsa har tagullar ta shata masa zobe a fata. Aka kira magariba yana nan zaune yana dannawa, dalmar ta ƙi shiga.